A Kira Gayya, Kasuwa Ta Ci

Jama'ar Wurno da Rabah da Goronyo, dattawa da samari, iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa.

Lokacin zaɓe ya sake zagayowa. Motoci masu lasifika za su shigo garuruwanmu, a tara jama'a a ƙofar fada ko a bakin tasha, a yi kiɗa, a yi alkawari, ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa. Za ku ji maganar hanya da asibiti da taki, kuma duk maganganu ne masu kyau. Mu kuwa a cikin wannan 'yar takarda abu guda muka ɗauka, wanda ba a cika hawa dandamali dominsa ba, alhali kuwa da shi kowane gida yake ɗora tukunya, watau kasuwa. Ra'ayinmu shi ne, tsofaffin kasuwanninmu sun sha wahala sun lalace, mu da muke ci a cikinsu mu ya kamata mu fara ta da su da aikin gayya, sa'an nan mu tsare wanda muka zaɓa sai ya yi nasa rabon, wanda ya fi ƙarfin fartanya da kwando. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, sa'an nan kowa ya auna da hankalinsa.

ABIN DA MUKA GADA

Wurno ba jiya ta tsiro ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ya kafa ta ribaɗi a bakin gulbin Rima, ya zauna cikinta, nan ya rasu, nan hubbarensa yake har yau. Kuma Bello bai ɗauki ribaɗi wurin zaman mayaƙa kaɗai ba. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin wajibin mai mulki: manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa. Ya haɗa masa da ginin ganuwa da gadoji, da gyaran hanyoyi da kasuwanni. Ashe tun shekara ɗari biyu da suka wuce, wanda ya kafa Wurno ya riga ya faɗi inda kasuwa take a cikin sha'anin mulki.

A 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ya yi yawo ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Wurno ya yi makonni. Ya rubuta cewa kasuwar garin tana ci a wajen ƙofa, kuma an kewaye ta da gwalalo saboda tsoron kada mahara su auka wa 'yan kasuwa ba zato. Jama'a, ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta. Kakanninmu sun ga irin wannan zamani, ana ciniki ana waiwaye. Da abin ya tsananta sai suka ɗauki galma da sungumi suka haƙa rami kewaye da kasuwarsu, kasuwa ta ci gaba da ci.

Rabah kuma gidan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah ce, ɗan Bello, kuma nan aka haifi jikansa Ahmadu Bello. Kafin a naɗa shi Sardauna a 1938, kafin ya zama Firimiyan Jihar Arewa, sai da ya yi hakimcin Rabah daga 1934. Wanda duk Arewa take alfahari da shi, a kan rijiya da hanya da kasuwar gunduma ya koyi mulki.

Goronyo kuwa ita ke riƙe da makullin ruwa. Madatsar da aka gama ginawa a kan gulbin Rima a 1984, an yi ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Da ruwan gulbin nan, da na madatsar Lugu ta ƙasar Wurno, da na fadamu da rijiyoyi, ake noman rani da ya sa aka san mu: albasa, tafarnuwa, shinkafa, alkama, tattasai. Ku haɗa da jar akuyarmu, wadda fatarta ta ƙetare Sahara tun zamanin raƙuma har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ba su san inda ta fito ba. Duk wannan arziki ta ƙofa ɗaya yake zama kuɗi: ta kasuwar Achida, da ta Goronyo, da ta Wurno, da ta Rabah, da ta Gandi, da ƙananan kasuwannin ƙauye da ke ciyar da su.

ABIN DA YA SAMI KASUWANNINMU

Ruwa ba ya tsami banza. Bari mu lissafta, don kada wani ya ce ragwancin mutanenmu ne ya kawo haka.

A watan Satumba na 2010 ambaliyar gulbin Rima ta cinye garuruwa da gonaki daga ƙasar Goronyo har Sakkwato. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni a gundumar Gandi, aka kashe mutane da yawa, sauran suka yi gudun hijira, ƙauyukan da ke kawo gero da dabba kasuwa suka fara zama kufai. A watan Agusta na 2019 aka rufe kan iyaka, ba a buɗe Illela ba sai Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha, don neman maganin 'yan bindiga, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da namu uku, ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka kuma katse layukan waya. Ran Lahadi 17 ga Oktoba 2021 sai ga abin da ba za mu manta ba: mahara suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci. Gwamnatin jiha da bakinta ta ce mutum 43 aka kashe. Allah ya ji ƙansu. Farkon 2023 kuma aka canja kuɗi, takardar Naira ta ɓace, manomi ya kai buhu kasuwa ya sayar a wulaƙance don kawai ya riƙe tsaba a hannunsa. A ƙarshen Mayu na shekarar nan aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya hau.

To, wace kasuwa ce za ta sha wannan duka ta zauna daidai? Baƙon da ya saba zuwa daga Kwanni ko Maraɗi ko Ikko, in ya zo sau biyu ya tarar ba ciniki, sai ya canja hanya, kuma dawo da shi ya fi korarsa wuya.

Amma fa akwai wata lalacewa wadda ba ɗan bindiga ya kawo ta ba. Kowa ya shiga kasuwanninmu da damina ya san ta. Lambatu ya toshe da leda, ruwa ya kwanta a tsakiyar layin masu hatsi. Juji ya yi tudu a bayan rumfar masu nama. Mai tuya da mai sayar da fetur a galan suna jingine da rumfar zana. Tsohuwa mai daddawa da Bafillatana mai nono suna zaune a rana tun hantsi har la'asar. Baƙo ya rasa inda zai kewaya, ya rasa ruwan alwala. Wannan kam mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ke da tsani.

GAYYA BA BAƘUWARMU BA CE

Wa zai koya wa Basakkwace gayya? Mai gona ya aika da goro, a buga gangar noma, samari su yi sahu, kafin azahar an gama noman da zai ci wa mutum ɗaya mako biyu, a sha fura a watse, ba wanda ya karɓi kwabo. Haka ake ɗora jinka. Haka ake gyaran maƙabarta da masallacin Idi. Haka aka gina ganuwar garuruwanmu, kowace unguwa da yankinta, in damina ta wuce a fito a yi yaɓe. Abin da muke cewa kawai shi ne a ɗauki wannan abin da muka iya a kai shi kasuwa.

Ku dubi mutanen Jenne a ƙasar Mali. Babban masallacinsu na ƙasa ne, ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, kuma a gabansa kasuwarsu take ci ran Litinin. Shekara-shekara gari duka yake fitowa, mata su ɗebo ruwa, samari su kwaɓa ƙasa su hau, magina su duba aiki, a yaɓe shi cikin yini guda. Da sun zauna jiran Bamako, da ruwan sama ya daɗe da narkar da shi.

Sai dai a rarrabe tsakanin gayya da aikin tilas, don dattawanmu sun san bambancin. Zamanin Turawa an kwashi mutane aikin hanya da dogari a bayansu, har yau ba a tuna shi da alheri. Zamanin soja na yaƙi da rashin ɗa'a, 1984 da 1985, an sa mutane shara da bulala da tsallen kwaɗo. Da tsoro ya kau sai tsintsiya ta koma lungu. Gayya kuwa roƙo ake yi, da girmamawa, kuma wanda ya zo ya san gobe in tasa ta taso za a zo masa. Duk wanda ya ce zai ci tarar talaka don bai fito gayya ba, ya kashe gayyar tun ba a fara ba.

MASU CEWA "WANGA AIKIN GWAMNATI NA"

Mun san za a ce haka, kuma mai faɗi yana da hujja. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafa kasuwanni da kula da su, da mayanka, da tashoshin mota, da makewayin jama'a. Kowace ranar kasuwa ana yankar tikiti: kuɗin rumfa, kuɗin tebur, kuɗin kan dabba a kara, kuɗin lodi a tasha. Mai kayan miya ta biya, ɗan koli ya biya, mai amalanke ya biya. Ran 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya a riƙa ba su kai tsaye. Saboda haka mai tambaya yana iya cewa, "In mu za mu yi shara, su mi za su yi da kuɗinmu?"

Amsarmu biyu ce. Ta farko, ruwan da ya kwanta a layin masu hatsi buhun ɗan kasuwa yake jiƙawa, ba ya isa ofishin ciyaman. Wanda ya ce ba zai fasa lambatu ba sai hukuma ta zo, kansa ya yi wa horo. Ta biyu, kuma ita ce babba: mutanen da suka haɗu suka yi aiki da hannunsu, su ke da bakin tambaya. Mutum ɗaya ya je sakatariya ya ce ina kuɗin tikiti, masinja ma ya ishe shi. Amma a ce Sarkin Kasuwa da Sarkin Rundawa da shugaban dillalai da shugabar mata da samari ɗari uku da suka kwashe juji jiya su ne suka zo, suka ce, "Mun yi namu, ga lissafinmu a rubuce, ina naku?" To, ran nan za a ba su kujera. Gayya ba ta yafe wa hukuma bashin da ake binta ba, ƙara wa masu bin bashin ƙarfi take yi.

SA-KAI IRI BIYU NE

Akwai kuma mai cewa, "Haba, ana kashe mutane kuna maganar shara?" Wannan ma ba za mu kauce mata ba. Tsintsiya ba ta tare harsashi. Tsaron rai da dukiya aikin gwamnati ne, ita ke da soja da ɗan sanda, kuma gwalalon da kakanninmu suka haƙa don mahayan dawaki ba zai tsai da mai babur da bindiga ba. Abin da muka ɗauka daga gare su shi ne ƙin yarda kasuwa ta mutu. Ɗan bindiga ba abin da yake so kamar ƙauye ya watse, hanya ta mutu, saurayi ya rasa dako ya rasa talla, don a cikin marasa aikin yi yake samun 'yan aike da masu kai masa rahoto. Kasuwa mai ci tana ɗauke da ɗaruruwan samari: 'yan dako, 'yan kamasho, masu ɗinkin buhu, masu shayi, masu faci, masu kabu-kabu. Kowane ɗayansu da ya koma gida da na cefane, an rage wa daji mutum guda.

Sa'an nan ga wata magana mai ɗaci. A da in an ce ɗan sa-kai, ana nufin wanda ya ba da ƙarfinsa don Allah ba don lada ba. Yanzu kalmar ta koma sunan mai ɗaukar makami ya yanke hukunci da kansa. Kwanaki kaɗan kafin abin da ya faru a Goronyo, a cikin watan nan na Oktoba 2021, 'yan sa-kai sun kashe Fulani a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa. Jini a kasuwa, jini a kasuwa, wa ya ci riba? Kasuwar da Bafillace yake tsoron shiga, ba nono, ba man shanu, kara ba dabba, mahauci ba yanka, majemi ba fata, baduku ba aiki. Kasuwar da manomi yake tsoron shiga kuwa, makiyayi ba gero ba dusa. Mai laifi a kama shi a kai shi gaban alƙali, kowane yare yake yi. Amma Bahaushe da Bafillace da Bagobiri da Ba'adare da Buzu, duk wanda ya zo da abin sayarwa, kasuwa tasa ce. Saboda haka in za a kira gayya a aika wa Arɗo da goro kamar yadda za a aika wa mai unguwa. Mu maido wa kalmar sa-kai mutuncinta da shebur da kwando.

YADDA ZA A TSARA AIKIN

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gayyar kasuwa da bazara ake yinta, kafin ruwa ya sauka, a ranar da kasuwa ba ta ci, kuma kada ta wuce azahar don kowa yana da bakin da zai ciyar.

A fara da zama a gaban hakimi ko uban ƙasa, da limamai, a fid da kwamiti daga cikin masu sana'ar kansu: masu hatsi, masu albasa, rundawa, dillalan kara, 'yan tireda, direbobi, mata masu sana'a, makiyaya. Kowane layi ya san yankinsa, kamar yadda aka yi ganuwa.

Aikin farko shi ne ruwa: a fasa lambatu, a bi hanyar da ruwa ya saba bi a buɗe masa, a cike kwazazzabo da buhunan yashi da duwatsu. Na biyu juji: a tsince leda daban, sauran kuwa taki ne, masu lambu za su kwashe da jakuna da amalanke suna godiya. Na uku wuta. Gobarar da ta ci babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021 ta isa wa'azi, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. A buɗe layuka yadda mota za ta ratsa, a ware wa masu tuya da masu fetur wurinsu nesa da zana, a ajiye durom na ruwa da bokitan yashi a kowane layi. Na huɗu inuwa: a kafa rumfuna domin tsofaffi da zawarawa da masu nono waɗanda ba su da halin kafa nasu, a dasa dogon yaro idan ruwa ya zauna, kowane icce a damƙa shi ga mai rumfar da ke kusa, shi zai yi masa shinge ya ba shi ruwa. Na biyar rijiya da makewayi, na maza daban na mata daban, a sa wanda zai kula da su a riƙa ba shi ɗan abin sabulu.

Akwai kuma gyaran da ba na shebur ba. Mudu ya zama ɗaya. Daular da aka kafa a ƙasar nan tana da muhtasibi mai duba awo da ma'auni, don ta san kasuwar da ake tauye mudu ko ake cusa ruɓaɓɓiyar albasa a gindin buhu, baƙo ba ya komowa. Masu albasa kuma sun fi kowa sanin ciwon kaka: kowa ya kwashe lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, bayan 'yan watanni wanda ya saya ya ajiye ya ninka kuɗinsa. Rudu na mutum ɗaya ƙarami ne, ga ruɓa ga ɓarawo. Manoma ashirin su haɗu su gina nasu a wuri ɗaya mai iska, da mai gadi, da littafin shiga da fita, sai su daina sayarwa don dole.

Kada a manta da masu sana'ar hannu. Maziyarta suna zuwa hubbaren Bello daga nesa, su yi addu'a su juya. Me zai hana a gyara musu wurin hutawa da ruwan sha, a jera dukawa da maƙera da masu tabarma da masu hula kusa da hanyarsu, cikin ladabi yadda ya dace da wurin, baƙo ya koma gida da tsarabar Wurno?

Mata kuwa kada a ce aikinsu dafa wa 'yan gayya abinci kaɗai. A ƙasar nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, ba albashi ba ofis. Matan da ke adashi shekara da shekaru kwabo bai ɓata ba, su suka fi cancanta su riƙe asusu.

Maganar asusu ita ce wurin da gayya take mutuwa, don haka a kiyaye. Duk abin da aka tara, ko na attajirin gari ne, ko na ɗiyanmu da ke Kano da Abuja da Ikko, a rubuta shi a allo a bakin kasuwa, abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta shi a bainar jama'a wata-wata. Kuma ranar gayya kada a kafa tutar kowace jam'iyya, har da tamu. Ɗan siyasar da ya ba da buhun siminti a gode masa, a rubuta sunansa a allo tare da na mai ba da kwando ɗaya na yashi. Ranar da aka ce gayyar 'yan jam'iyya kaza ce, rabin gari ya zauna gida ke nan.

ABIN DA ZA KU TAMBAYI MAI NEMAN ƘURI'A

'Yan takara za su zo, namu da na wasu, na majalisar jiha, na tarayya, na gwamna. Kada ku bari su yi ta magana su kaɗai. Ku sa dattijo ɗaya ya miƙe ya tambaye su a gaban jama'a.

Na ɗaya: ranar kasuwa, wa zai tsare kasuwa da hanyoyin da ke shigowa cikinta, tun daga fitowar mutane da safe har komawarsu da yamma? Muna son jami'an tsaro na hukuma, masu suna da lamba, waɗanda in sun yi ba daidai ba akwai inda za a kai ƙara.

Na biyu: nawa ake tarawa a kasuwar nan kowane mako, kuma kashi nawa ne zai dawo cikinta? A liƙa lissafin a bakin kasuwa kusa da namu.

Na uku: in mun ba da ƙarfi, za ku ba da siminti da kwalbati da kwano da motar kwasar ƙasa? Yaushe?

Na huɗu: ina maganar gyaran madatsar Lugu da hanyoyin ruwan noman rani na Goronyo, da hanyoyin ƙauye da motar albasa take maƙalewa a cikinsu?

Na biyar: shingaye nawa direba zai biya kuɗi tsakanin Goronyo da Achida da Sakkwato, kuma wa zai rage su? Duk abin da direba ya bayar a hanya, daga kuɗin buhun manomi ake cire shi.

Na shida: in za a sake gina kasuwa, wa zai sami rumfa? Mun sha ganin an rushe rumfunan talakawa a birane, an gina shaguna masu ƙofar ƙarfe, an raba wa manya da 'yan'uwansu, mai daddawa ta koma bakin titi. A rubuta sunan duk mai rumfa tun kafin a taɓa ko azara ɗaya.

Wanda ya amsa, a rubuta amsarsa, a sa rana, a ajiye takardar wurin liman. Wanda ya yi fushi don an tambaye shi, kun ga halinsa tun bai hau ba.

JAMA'A, SHAWARA TA RAGE GARE KU

Ranar zaɓe za a zo muku da taliya da sabulu da turmin atamfa. Taliya kwana biyu ce, wanda aka zaɓa kuwa shekara huɗu zai yi, damina huɗu ke nan ruwa yana kwanciya a layin masu hatsi. Ku adana katinku, ku fito da wuri, maza da mata, ku jefa wa wanda ya amsa tambayoyin nan da gaskiya, ku tsaya a ƙirga a gabanku. Amma kada ku jira ranar zaɓe kafin ku aika da goron gayya. Sarkin Kasuwa, kai muke kallo. Samari, ku nemo shebur. In wani ya tambaye ku wa ya sa ku, ku ce masa, "Mu ad da kasuwa."

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu a kasuwanni da gonaki da hanyoyin ƙasar nan. Allah ya maido da waɗanda suka yi hijira gidajensu lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, da ciniki na halal, da shugabanni masu tsoronsa. Amin.